Ƙyallaye Tara da Idalina Ta Ƙi Wankewa

Ina bayan gida ina gurza rogo, ranar Alhamis da hantsi, na ji ana tafa hannu a bakin ƙofa. Zilá ce, 'yar aminiyata Idalina, riƙe da kekenta, ƙafa ɗaya da silifa ɗaya babu. Ni na riƙe ta ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa take ce mini Inna.

"Inna Benvinda, Mama ta rasu. Ta sha kofi, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Shi ke nan."

Kafin ma kuka ya zo mini, abu ɗaya na tambaye ta. "An kira Fada?"

Ta dube ni da jajayen idanu. "Wanne daga ciki, Inna?"

Fada biyu ne a garinmu, kowanne limamin nasa cocin. Shekara goma sha uku Idalina ba ta karɓi Jibin Ubangiji ba, Gurasar nan da Fada yake ba mu a coci, kuma a haka ta tafi. Ina so a san yadda aka yi, har da inda nawa hannun ya shiga. Karatuna aji uku ne, a yi haƙuri da rubutun.

Shekara ɗaya aka haife mu, ni da Idalina, a Vargem do Carmo, tsakiyar gonakin rake. Iyayenmu maza tare suke saran rake, mu kuma tare muke kai musu shinkafa da wake a kwano ɗaure da ƙyalle. Ni Vinda take ce mini, ni in ce mata Dalina. Mahaifiyarta ce mai wankin coci, kuma tun Dalina tana da shekara goma sha biyu ta tsaya a gefenta tana koyo. Ta yi aure, mijinta Orozimbo ya faɗo daga motar rake Zilá tana goye, bai ƙara tashi ba. Daga nan wankin gidajen masu hali ya zama abincinta. Na coci kuwa ba ta taɓa karɓar ko sisi a kansa ba.

Sitacinta da kanta take haɗawa da rogo. Dutsen gugarta na gawayi ne, ta ƙi na lantarki har ta mutu, wai ba shi da nauyi. In tana gugar rigunan mutane, da baki take fesa ruwa kamar kowa. In kayan bagade ne, wato teburin Jibi, sai ta tsinko reshen lemo ta tsoma a ruwa ta yayyafa. Ta ce bakin da ya yi gulma da safe ba zai fesa wa Ubangiji ruwa da rana ba.

Akwai ƙa'ida a wankin nan. Babban mayafin bagade kowa zai iya wankewa. Amma ƙananan ƙyallayen, wanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin Gurasar da wanda ake goge ƙoƙon ruwan inabi da shi, hannun da ba na Fada ba ba ya taɓa su sai Fada ya ɗauraye su a ruwa uku, don a jikinsu akwai ɓurɓushin Jikin Yesu da ɗigon Jininsa. Ruwan kuma ba a zuba shi a kwata. A ƙasa ake zubawa, inda ƙafa ba ta takawa. Kowace Litinin Fada Anacleto, tsohon Fadanmu, yakan nannaɗe hannun baƙar rigarsa, ya sa farin daro a gaba, ya yi ruwa na ɗaya, na biyu, na uku, ya kai ruwan gindin bishiyar da ke bayan coci. Sai ya miƙa mata yana cewa, "To Dalina, ɗan koyo ya gama. Saura gwanaye."

A 1982 tsohon bishop ya sauka, aka turo sabo. Wasiƙa ta zo daga birni: a daina yin Misa, wato sujadarmu ta coci, da Latin, Fada ya juyo ya fuskanci jama'a, a karɓi Jibi a tsaye, a tafin hannu, ba a durƙushe a kan harshe ba. Fada Anacleto ya ce Misar da aka naɗa shi a kanta, a kanta zai mutu. Wata huɗu ana musayar takardu. Rannan 'yan sanda biyu suka zo da mai gyaran makulli. Ɗayan ɗan sandan ma Fada Anacleto ne ya yi masa baftisma, yana ta sunkuyar da kai. Muka fito muna kuka muna waƙa, muka bi tsohon zuwa wani sito da ake ajiye taki a ƙarshen gari. Nan muka yi ta Misa, warin taki yana gauraya da na turare.

Gari ya rabe biyu, 'yan sito da 'yan dandali, don cocin a dandalin gari yake. Aka fasa aure biyu. Har burodi kowa ya san gidan da zai saya. Ni da Dalina 'yan sito ne, da baƙin mayafinmu a ka, a sahun gaba.

Fadan da bishop ya turo, Fada Gilmar, ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Matashi ne mai babur da jita, kuma shi ya tsaya har aka haƙa wa masu saran rake rijiya. Sati biyu da zuwansa ya tsaya a ƙofar Dalina da leda a hannu. Ina wurin, muna tsince wake.

"Dona Idalina, an ce duk garin nan babu mai hannunki."

Ta buɗe ledar. Riguna, safa, wando, a tsakiyarsu ƙananan ƙyallayen a cukurkuɗe, da jan tabo a jiki. Ta ja da baya har ta taka kwanon waken.

"Fada, ba a ɗauraye su ba."

"Ai shi ya sa na kawo miki."

"A'a, ruwa ukun nan. Naka."

Ya yi dariya, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa kaka. "An bar wannan tuntuni, Dona. Allah ba ya tsoron sabulu. Amma in da takura, matar likita tana da injin wanki, sai in kai can."

"Inji," ta ce. "Da kamfan likita."

Ta karɓi ledar. Bayan ya tafi ta ɗauko awartakin katakon da take tsamo kaya daga tafasasshen ruwa, ta ɗauke ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya ta jera a cikin gwangwanin biskit. Ta ce, "Tashi ki raka ni."

Fada Anacleto yana zaune a ɗan ɗakin da aka ba shi a bayan sito. Ya daɗe yana kallon cikin gwangwanin. Mutumin da ya ƙwace masa coci, ga kayansa an kawo masa. Na ɗauka zai kore mu.

"Ban yarda da Misarsa ba, Dalina, kin sani," ya ce. "Amma yaron Fada ne, an ɗora masa hannu an naɗa shi kamar yadda aka yi mini. In Jini ne, Jini ne. Kawo daron."

Shekara shida ana haka. Kowace Litinin gwangwanin yana ƙarƙashin kayan wanki a kwandonta. Mu uku kaɗai muka sani. Abin da mutane suka gani shi ne tana yi wa 'yan dandali wanki, kuma ba su bar ta ta huta ba. Ernestina, matar mai kantin magani, ta tare ta a ƙofar sito wata Lahadi.

"Sannu, mai yi wa Yahuda maci amana guga. Nawa yake biya?"

"Ke Ernestina, sakar mini mayafi. Rigar mijinki ma ni nake wankewa, kuma ban taɓa tambayar jan bakin wa ke wuyanta ba."

Dariya ta kama ni har a cikin Misa, sai da na cusa mayafi a baki.

Fada Anacleto ya rasu a 1988, da damina. Manyanmu na tsohuwar Misa suka turo Fada Leôncio. Shekararsa ashirin da tara, dogo, rigarsa ba ko lanƙwasa. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya duba hannun rigar mata, wadda gwiwar hannunta ta fito ya mai da ita gida. Dalina ta ji tsoronsa. Litinin uku suka wuce, ƙyallaye tara suka taru a gwangwani, Fada Gilmar ya fara tambaya.

Nan ne nawa laifin. Na ce mata, "Ke dai matsoraciya ce. Mutumin da yake auna hannun riga, shi zai ƙi ruwa uku? Ai murna zai yi. Bar ni da shi."

"Vinda, bakinki ya fi ƙafarki sauri. Ki bari."

Ban bari ba. Bayan Misa na same shi, na zayyana masa komai tun daga ledar, ina alfahari, kamar mai kai albishir. Ina magana fuskarsa tana rufewa. Ya ce in kira ta.

"Dona Idalina, shekara shida kina gyara wa saɓo shimfiɗa."

"Fada, ba Misarsu nake wankewa ba. Abin da ya ɗiga nake tserarwa."

"Wa ya ce miki wani abu ya ɗiga? Ni ban san ko Jini ne a jikinsu ko ruwan inabi ne kawai ba."

"To tunda ba ka sani ba, Fada, ai sai a yi ruwa ukun, don ko da."

Kunnuwansa suka yi ja. "Mai wanki ba za ta koya mini aikina ba. Ki mayar musu da kayansu. Ki zo ki durƙusa ki furta cewa abin da kika yi zunubi ne. Kafin nan, kada ki matso gaban bagade."

"Fada Anacleto ne ya nannaɗe hannun rigarsa," ta ce a hankali. "In zunubi ne, tare muka yi. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ba zan kai ƙararsa ba."

Ranar Lahadi ta zo ta durƙusa a gaban bagade kusa da ni, kamar yadda muka saba tun muna 'yan mata. Ta rufe ido, ta ɗaga kai, ta fito da harshe. Fada Leôncio ya ba Ernestina Jibi. Ya tsallake ta. Ya tsaya a gabana. Ina jin kafaɗarta a jikin tawa, kuma na buɗe baki na karɓa. Na haɗiye. Da na rufe bakina ranar, da na tashi na kama hannunta mun fita tare, wataƙila da ya ji kunya. Na yi ta juya wannan a raina shekara da shekaru. Ita kuwa ta daɗe a durƙushe da harshenta a waje, don ba ta san ya wuce ba.

Kafin Laraba magana ta tsallaka dandali. Fada Gilmar ya zo a kan babur, ko gaisuwa babu.

"Kayan cocina kike kai wa masu tawaye? Shekara shida? Ba ni su."

Ta shiga ta fito da gwangwanin, da farin daron da Fada Anacleto ya bar mata, da butar ruwa. Ta ajiye a gabansa.

"Ga su, Fada, tara ne cif. Ga daro, ga ruwa. Minti biyar. Ka ɗauraye, in goge maka su yau ɗin nan, in ka ga dama kada ka sake kawo mini."

Na ga ya kalli daron. Har ga Allah na ga hannunsa ya motsa. Sai ya waiga, ya ga maƙwabta sun fito ƙofa suna kallo.

"In na yi wannan, gobe duk gari za a ce na bi su. Kafin sati kuma bishop ya ji."

"To ba zan ba ka su ka kai inji ba."

Ya karɓi makullin ɗakin kayan coci da ya kasance a gidansu tun zamanin mahaifiyarta. Ranar Lahadi ya sanar cewa wasu kayan coci sun ɓace. Bai kira suna ba, ba a kuma buƙaci ya kira ba. 'Yan dandali suka ce ɓarauniya, 'yan sito suka ce munafuka, gidaje suka daina aiko da wanki ɗaya bayan ɗaya. Ta koma yin alewar gwanda, Zilá tana kaiwa tasha.

Na ce mata, "Ki je cocin dandali mana. Can layi kawai ake bi, ba a tambayar kowa."

Ta ɗaga hannuwanta, duk sabulu ya cinye su. "In miƙa wannan? Hannun da bai isa ya taɓa ƙyallen ba, shi zai riƙe Mai ƙyallen?"

Gwangwanin ya koma saman kabad ɗinta, da 'yar fitilar mai a gabansa. Kowace Lahadi tana zuwa Misa, ta durƙusa a can baya kusa da ƙofa. In mun tashi zuwa gaban bagade sai ta sunkuyar da kai. Sau biyu baƙin Fada suka ratsa garin, ta tare su da gwangwaninta. Na farko ya ce sai ya nemi izinin mai wurin. Na biyu ya shafa kanta ya ce Allah yana ganin zuciya, ya hau mota. Mu 'yan sito muka tara kuɗi muka gina sabon coci mai farin dutse, rabin alewarta ya tafi a ginin, kuma a sabon cocin ma bayan ƙofa ne wurinta. Aka mai da Fada Gilmar wani gari, wanda ya gaje shi ya gaji zancen satar. Fada Leôncio ya yi ƙiba, ya yi furfura, ya zama mai faɗa a ji. In ya gamu da ita a hanya yakan ɗaga hula ya ce, "Ina jiranki, Dona Idalina." Ita kuma ta ce, "Ni ma, Fada."

Ƙafafunta suka kumbura, shekara biyun ƙarshe ba ta fita. Ni nake kai mata miyar kaza, mu yi faɗa, mu shirya. Ba ta taɓa ce mini ni na jawo mata ba. Da ta faɗa, da na fi samun sauƙi.

Ranar da ta rasu ni na yi mata wanka, na sa mata shuɗiyar rigarta, na naɗa mata carbi a yatsu. Da la'asar na fito tsakar gida in sha iska. A kan igiya ga ƙyallaye tara, farare tas, suna ɗiga. Zilá tana tsaye da kumfa har gwiwar hannu.

"Zilá, me kika yi?"

"Na wanke, Inna. Zan sa mata a akwatin gawa. Shekara goma sha uku ana jiran Fada, ni minti goma ya ɗauke ni."

"Ina kika zuba ruwan?"

"A kwata mana. Ina ake zuba ruwan wanki?"

Ta san amsar, a gidan ta girma. Ta tsaya tana jira in yi mata faɗa. Me zan ce wa yarinyar da ta ga abin da ta gani? Na je na leƙa kwatar, ruwan ya riga ya wuce titi.

Lokacin an fara raɗe-raɗin manya za su shirya, wasiƙu suna kai da kawo tsakaninsu da Roma. Saboda haka Fada biyu suka zo maƙabarta, namu da na dandali. Wadda ta rasa ko ɗaya da rai ta sami biyu a mace. Suka gaisa da hannu a kan ramin, karo na farko cikin shekara goma sha tara, mutane suna share hawaye wai abin ya yi kyau. Fada Leôncio ya ce Dona Idalina mace ce mai riƙon bangaskiya irin ta mutanen da. Zilá ta tofa yawu a ƙasa. Bayan wata biyu aka yi sulhun, aka buga ƙararrawa a coci biyu, aka yanka shanu. Ba wanda aka ce ya durƙusa ya furta komai.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarta ne, bayan Misa. Na same ta a kujera bakin taga, ƙafafu a kan akwati. Ta ɗanɗana miyar ta yamutsa fuska.

"Gishirin garin ya ƙare ne, ko rowa ce?"

"Likita ya hana ki, tsohuwar banza."

"Likita ba shi zai sha ba. Me aka ce a coci?"

"An ce za a shirya. Wai takarda tana hanya."

Ta ajiye cokalin. "Su shirya da wa?"

"Da bishop. Da Paparoma. Kowa da kowa."

"To Misar yaron can ta zama Misa ke nan?"

"Haka dai ake cewa."

"Ashe Jini ne." Ta kalli saman kabad. "Vinda, na manta yadda Jibi yake narkewa a harshe. Jiya na kwanta ina ta so in tuna, na kasa."

Na kama hannunta. "Dalina, don Allah, ki bari in kira Fada Leôncio. Kalma biyu ce. Ki faɗa masa abin da yake so ya ji, Allah ya san gaskiya."

"In yi ƙarya a durƙushe, in tashi in buɗe baki? Ke dai ba ki canza ba." Ta matse yatsuna. "Ga abin da za ki yi. Ɗauki gwangwanin nan yanzu ki kai masa. Ki ce tunda sun yarda Jini ne, ya yi ruwa ukun. In ya yi, ya san ba zunubi ba ne. Sai ya zo mini da Jibi."

Na tuna ranar da na kai masa magana da gudu, da abin da ya biyo baya.

"Bari takardar ta iso tukuna. Kada in sake yin gaggawa in ɓata miki."

"Lokacin da na ce ki bari kin ƙi, yanzu na ce ki je kin ce a bari."

"Lahadi mai zuwa, na yi miki alkawari. Da kaina zan riƙe masa butar."

"To shi ke nan, Lahadi," ta ce. "Ki zo da sitaci, nawa ya ƙare. Kuma ki sa gishiri a miyar."